Ko da ɓaure bai yi toho ba

A farkon watan Satumba na shekarar 2014 masarar da na shuka a bayan gidanmu ta riga ta yi goyo, gemunta ya fara bushewa, dawar da ke babbar gona kuwa ta wuce tsayin mutum tana shirin fitar da kai. A duk shekarun da na yi ina haɗa aikin koyarwa da noma a ƙasar Michika, ban taɓa ganin damina mai albarka irin wannan ba, har na riga na yi lissafin buhunan da zan sayar in biya wa 'yata ta fari kuɗin makaranta, da waɗanda zan zuba a rumbu, da damin da zan kai majami'a ranar godiyar kaka. Ko masara ɗaya ban karya daga cikinta ba. Da labari ya iso cewa Gulak ta faɗa hannun Boko Haram kuma sun nufo Michika, muka fita da kayan da ke jikinmu, ni da matata da 'ya'yanmu huɗu da mahaifiyata da yayana da iyalinsa, muka bar tukunya a kan murhu, awaki kuma a turke. Matata ta ce, "Maigida, ka koma ka kwance awakin nan, ko sa sami abin ci da kansu." Na ce mata ta bar su, kwana biyu kawai za mu yi mu dawo. Sai da muka yi fiye da wata takwas kafin mu sake taka ƙofar gidan.

Mun sauka a Mubi a gidan wani ɗan'uwan matata, muna sauraron rediyo dare da rana, muna jiran a ce hanya ta buɗe. Ranar 29 ga watan Oktoba abin da muka gudar wa ya iske mu a can. A ranar ce aka shiga Mubi, a ranar ce kuma aka mamaye hedkwatar ikilisiyarmu, Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi, inda makarantar horar da pastocinmu take, har ya zama dole shugabanni su koma Jos da zama na ɗan lokaci. Wanda bai tashi cikin wannan ikilisiya ba, da wuya ya gane abin da faɗuwar Kwarhi ta yi wa zukatanmu. Tun muna yara ake ba mu labarin yadda 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a shekarar 1923, da yadda bishara ta bazu daga can zuwa Lassa da Marama da Chibok har ta iso duwatsunmu. A watan Afrilu na shekarar da muka gudu an kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyarmu ne, muka yi azumi, muka kwana muna addu'a a majami'u, muna sa rai Ubangiji zai miƙa hannu. Maimakon haka sai wutar ta ƙara matsowa, gari bayan gari, har ta cinye gidan da muke ɗauka uwa ce gare mu duka.

Kwana uku muka yi muna tafiya a ƙasa, ta cikin gonakin mutane da tsakanin duwatsu, muna cin ɗanyar gyaɗa, muna shan ruwan duk rafin da muka ratsa. Mahaifiyata a lokacin ta haura shekara saba'in. Takalmanta suka tsinke tun ranar farko, muka yage gefen zanen matata muka naɗe mata ƙafafu, inda hawan ya yi tsanani kuma ni nake goya ta. Yayana, wanda shi ne ɗanta na fari, ya rabu da mu tun a bakin garin Mubi, domin 'yarsa ta tafi kasuwa da safe ba ta dawo ba, ya ce mu yi gaba zai nemo ta ya iske mu. Yarinyar ta iso Yola bayan mako guda tare da wasu mata da suka tsince ta a hanya. Shi kuwa wayarsa ta yi kwana biyu tana shiga ba a ɗauka, a rana ta uku ta daina shiga, kuma daga ranar har zuwa yau ba mu ga gawarsa ba, ba mu kuma sami wanda ya ce ya gan shi da rai ba.

Da muka isa Jimeta, a Yola, wani dattijon ikilisiya ya ba mu ɗaki guda da rumfa, muka zauna mu goma sha tara, mata da yara a ciki, maza a waje. Garin ya cika ya batse da 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi, domin wutar ba ta tambayi kowa addininsa ba kafin ta ci gidansa. Babban cocin Katolika na St. Theresa, ƙarƙashin Bishop Stephen Mamza, ya buɗe harabarsa ga dubban mutane, talakawan gari ma suka raba ɗakunansu da tukwanensu da baƙin da ba su taɓa sani ba, kuma ba zan manta da wannan alheri ba muddin raina. Duk da haka, magidancin da ya saba ciyar da iyalinsa daga rumbunsa, in ya tsaya a layi da buhu a hannu yana jiran a auna masa masara, akwai abin da ke karyewa a cikinsa. Wata rana ina tsaye a layin sai wani yaro da na koyar a aji biyar ya matso, ya rusuna ya ce, "Malam, ku kawo buhun in karɓar muku, ku je ku zauna a inuwa." Na miƙa masa, na koma gefe, na juya fuskata ga bango don kada ya ga abin da ke idona.

A cikin waɗannan watanni ne addu'a ta bushe a bakina. Ban daina zuwa sujada ba, kuma ban taɓa shakkar cewa akwai Allah ba. Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar Lahadi, na haddace ayoyin da ake karanta wa wanda ke cikin ƙunci, na kuma karanta su da bakina a gidajen makoki da yawa. Amma in na durƙusa da dare a rumfar nan, sai in ji kamar ina leƙa rijiyar da ta ƙafe ina kira. Abin da ya shige mini duhu shi ne ko kukanmu yana isa gare shi, in kuma yana isa, me ya sa ya yi shiru. Ban iya faɗa wa kowa wannan ba, domin a tunanina Kirista na gari ba ya irin wannan tambaya.

Masu zuwa jaje suna ta cewa, "Sai haƙuri, Malam," wasu su ƙara da cewa bayan wuya sai daɗi. Na san da zuciya ɗaya suke faɗa, ni ma abin da zan faɗa ke nan da ni ne a matsayinsu. Amma karin maganar nan ta zame mini ƙaya a ƙafa, domin tana ajiye daɗi a can gaba, sai wuya ta wuce tukuna, ni kuwa ban ga alamar tawa za ta wuce ba. In yayana bai dawo ba fa? Shi ke nan ni da mahaifiyata mun yi ban kwana da murna har kabari? Waɗanda suka fi ci mini rai su ne wasu masu wa'azi da suka riƙa zagayawa cikin 'yan gudun hijira. Wani ya ce zunubin ikilisiya ne ya jawo mana wannan, wani kuma ya ce duk wanda ya ba da baiko da bangaskiya zai ga an mayar masa da abin da ya rasa riɓi bakwai kafin shekara ta ƙare, yana faɗa wa gwauraye waɗanda ba su san abin da 'ya'yansu za su ci da dare ba. Har yanzu ina ganin irin wannan wa'azi zalunci ne da aka lulluɓe da sunan Allah. Abokan Ayuba sun kyauta a kwana bakwai na farko, lokacin da suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suka fara bayyana masa dalilin wahalarsa ne suka ɓata, kuma a ƙarshen littafin Allah da kansa ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya faɗa, alhali Ayuba ne ya yi ta kuka yana gardama.

Mahaifiyata kuwa ba ta daina waƙa ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Tun ina yaro take cikin Zumuntar Mata, ita ce mai kaɗa tulu a ƙungiyar ƙauyenmu. A Jimeta ta tara tsofaffin mata biyar ko shida daga cikin waɗanda suka gudo, kowace yamma su zauna a tabarma a bayan ɗakin, babu tulu babu ganga, sai wata jarkar man gyaɗa da ta fashe a gindi wadda take bugawa da tafin hannu, suna rera waƙoƙin yabo, wasu da Hausa wasu da harshenmu na Kamwe. Wani lokaci hawaye na zuba har ya jiƙa mata wuyan riga, amma hannunta bai fasa bugun jarkar ba. Wata yamma da matan suka watse na kasa daurewa, na ce, "Mama, ɗanki yana daji, ba mu san ko yana raye ba, ke kuwa kina waƙa. Wace godiya ce ta rage da za ki yi?" Na faɗa da zafin da ban taɓa yi mata magana da shi ba.

Ba ta tsawata mini ba. Ta ɗan yi shiru, sa'an nan ta kwance ƙullin da ta ɗauro a ƙugu tun daga gida, ta fito da Littafi Mai Tsarki nata, wanda bangonsa ya rabu da jikinsa tun da daɗewa aka ɗinke shi da zare. Harshenmu na gida Kamwe ne, amma da Hausa ita da tsararrakinta suka koyi karanta maganar Allah, kamar yadda Kiristocin arewa masu harsuna dabam dabam suka yi tun da aka buga cikakken Littafin da Hausa a 1932. Idanunta sun riga sun yi rauni, don haka ta miƙo mini ta ce, "Auta, buɗe mini Habakuk. Ka fara daga farko, kada ka tsallake kome."

Na sha karanta ayoyin ƙarshe na wannan littafi, amma ban taɓa zama na karanta surorinsa uku a jere ba sai a wannan yamma, da hasken tocilan, sauro na cizona. Habakuk ya yi annabci wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, gab da lokacin da Babila za ta murƙushe Yahuza ta rushe Urushalima. Abin da ya fara girgiza ni shi ne littafin da ƙara yake farawa, ƙarar da annabi ya kai Allah a gaban Allah. Yana tambaya har yaushe zai yi ta kuka ba a ji shi ba, har yaushe zai yi ta ihu cewa ana zalunci ba a kawo ceto ba. Tambayar da na ɓoye a cikina wata biyu ina jin kunyarta, ga ta a rubuce cikin Littafi Mai Tsarki, daga bakin annabi. Amsar da ya samu kuwa ta fi tambayar ɗaci, domin Allah ya ce zai ta da Kaldiyawa, wato mutanen Babila, marasa tausayi waɗanda dawakansu suka fi damisa sauri, su mamaye ƙasar su ƙwace gidajen da ba nasu ba. Da na kai nan sai na dakata, domin na ga garinmu a cikin takardar. Mama ta ce in ci gaba. Habakuk bai karɓi amsar ya yi shiru ba, ya sake komawa ya ce wa Allah, ai idanunka sun fi ƙarfin kallon mugunta saboda tsarkinsu, to, don me ka yi shiru mugu yana haɗiye wanda ya fi shi adalci? Sa'an nan ya ce zai hau hasumiya ya tsaya tsaro, ya jira ya ji abin da za a ce masa. Wannan tsayuwar ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Mutumin yana fushi, ya rikice, amma bai juya baya ya tafi ba, a ƙofar Allah ya tsaya yana jiran amsa, kamar ɗan da mahaifinsa ya yi abin da bai gane ba, ya ƙi barin zauren sai sun yi magana.

A sura ta biyu aka ce masa wahayin yana da lokacinsa, in ya yi jinkiri a jira shi, kuma mai adalci ta wurin bangaskiyarsa zai rayu, maganar da Manzo Bulus ya ɗauko daga baya ya kafa a farkon wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Amma ƙarshen sura ta uku ne mahaifiyata take jira. A nan annabin ya ce cikinsa ya kaɗa, leɓunansa suna rawa, ƙasusuwansa sun yi laushi, ƙafafunsa suna makyarkyata, domin ya san ranar masifa tana tafe. Daga cikin wannan makyarkyata ne ya ce ko da ɓaure bai yi toho ba, kurangar inabi ba ta yi 'ya'ya ba, zaitun ya gaza, gonaki ba su ba da abinci ba, tumaki sun ƙare a garke, shanu kuma babu su a turke, duk da haka zai yi murna cikin Ubangiji, zai yi farin ciki da Allah mai cetonsa. Mama ta taɓa gwiwata ta ce, "Sake karantawa, amma ka sa masara inda ya ce ɓaure, ka sa dawa da gyaɗa, ka sa awakinka." Na sake karantawa yadda ta ce, muryata tana sarƙewa. Ta ce, "Ka ƙara da yayanka." Na kasa. Ita ta faɗa da bakinta, ta kira sunansa, ta ce ko da bai dawo ba, sai ta yi shiru mai tsawo kafin ta iya ƙarasa sauran.

Layin ƙarshe na littafin umarni ne ga shugaban mawaƙa, cewa a rera wannan da kayan kiɗa masu tsirkiya. Da na karanta mata shi sai ta ce, "To, ka gani, waƙa ce. An rubuta ta ne don a rera ta lokacin da rumbu yake wofi. In na jira sai ya cika kafin in yi waƙa, to, rumbun nake yi wa waƙa." Ta kuma tuna mini cewa annabin ya ce Allah yakan mai da ƙafafunsa kamar na barewa ya sa shi ya taka kan tuddai, ta tambaye ni wa ya ba ni ƙafar da na goya ta da ita na hau dutse kwana uku da yunwa a cikina.

Ba zan ce na tashi daga tabarmar nan da zuciya mai sanyi ba, domin ba haka aka yi ba. Abin da ya sauya a daren shi ne na sami izinin yin magana. Da kowa ya yi barci na fita bayan gida na faɗa wa Allah duk abin da ke raina, ba tare da na gyara kalmomin ba. Na ce masa na ji haushinsa, na ce ban gane ba, na ce yayana ya fi ni tsoronsa kuma saboda 'yarsa ya koma. Ban ji wata murya ba, amma a karo na farko cikin wata biyu na ji cewa da wani nake magana. Bayan haka na riƙa bin Zabura ina neman irin waɗannan addu'o'i, na tarar suna da yawa ƙwarai. Zabura 13 ta tambayi "har yaushe" sau huɗu a jere. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko aya ɗaya ta sauƙi a ƙarshenta, amma duk da haka an bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Ubangijinmu Yesu ma a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kira, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Ina ganin mun yi wa mutanenmu rashin adalci a majami'u da muka koya musu waƙoƙin nasara kaɗai, muka bar su ba su da abin faɗa ranar da nasara ba ta zo ba, har wasu suka ɗauka bangaskiyarsu ce ta mutu alhali baƙin ciki ne kawai yake neman hanyar fita.

Murna kuwa, da ta zo, ba ta kori baƙin cikin ba, zama ta yi kusa da shi. Bulus ya kwatanta kansa da abokan aikinsa da cewa suna baƙin ciki amma kullum suna farin ciki, kuma a da nakan ɗauka salon magana ne kawai. Ranar da na gane gaskiyarsa ita ce makon Ista na 2015. A ikilisiyarmu, kafin a ci Jibin Ubangiji akan yi wankin ƙafafu, maza a gefe guda mata a gefe guda, bisa ga abin da Yesu ya yi wa almajiransa a sura ta 13 ta Bisharar Yahaya. A gida mun saba yin wannan da ƙafafu masu tsabta, kowa ya riga ya yi wanka ya shafa mai kafin ya zo. A wannan shekara kuwa wanda ya zauna a gabana wani tsoho ne daga wajen Madagali, ya ajiye sandarsa ya sa ƙafafunsa cikin roba, na ga duk diddigensa ya tsage, farcen babban yatsansa ya cire, akwai tabon ƙaya da bai gama warkewa ba. Na durƙusa na zuba ruwa, na wanke a hankali don kada in fama masa ciwo, na goge da tawul. Da na gama sai ya ce, "Zauna, ɗana, saura naka." Hannunsa yana rawa ya kama ƙafata. A wannan lokaci wani abu ya cika mini ƙirji wanda ban san sunan da zan ba shi ba in ba murna ba, ina kuka kuma ina jin cewa Ubangijin da na yi ta tuhuma da yin nisa, ga shi a ƙasa a gabana da roba da tawul, inda ya saba kasancewa. Yayana bai dawo ba, gidana yana nan yadda aka bar shi, babu abin da ya sauya a waje ko da ƙwayar zarra.

Mun koma gida a watan Mayu, gab da faɗuwar ruwa. Rumbunan biyu an ƙone su, ƙofofin ɗakuna an ɓalle, a turke kuwa igiyoyin awakin suna nan a ɗaure da ƙasusuwa a ƙarƙashinsu. Na daɗe a tsaye a wurin ina tuna maganar matata. Majami'armu bango kawai ya rage, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, don haka muka riƙa yin sujada a gindin wata bishiya a harabar, wani dattijo ya ce ai daga gindin bishiya muka fara tun a Garkida. Ba ni da iri ko na mudu ɗaya. Maƙwabcina Musulmi ne, tare muka tashi, shi ma ya gudu ya rasa ƙaninsa a wannan fitina. Wata safiya ya yi sallama a ƙofata da ƙwarya a hannu, irin masara ne da ya samo daga wajen surukansa, ya raba biyu ya kawo mini rabi, ya ce, "Malam, ka shuka, damina ba ta jiran mai makoki." Na yi masa godiya, muka tsaya muna kallon juna ba mu ƙara cewa kome ba. A lokacin akwai zargi da ƙiyayya mai yawa a garin tsakanin waɗanda suka dawo, kuma ni kaina zuciyata ba ta kuɓuta daga wannan ba. Ikilisiyarmu tun asalinta tana koyar da salama da ƙin ramuwa, na kuma yarda da wannan koyarwa, amma zan faɗi gaskiya cewa gafarta wa waɗanda suka raba ni da yayana aiki ne da nake sake ɗauka kusan kowace safiya, wata rana in iya, wata rana in roƙi Allah ya riƙe mini shi zuwa gobe.

Amfanin da muka samu a wannan shekara kaɗan ne, domin babu taki, babu shanun huɗa, da fartanya muka yi kome. Ranar godiyar kaka, inda a da ake jera dammunan dawa da buhunan masara har su tare gaban bagade, abin da aka tara bai cika buhu biyar ba. Mahaifiyata ta fito cikin layin Zumuntar Mata da ƙwarya biyu, ɗaya a kai ɗaya a hannu, tana takawa a hankali tana bin kiɗan sabon tulun da aka gina mata. Da ta isa gaba ta juye ta farko ta ce tata ce, ta juye ta biyu ta ce ta ɗanta na fari ce, domin daga gonarsa aka girbe ta, kuma duk inda yake a hannun Ubangiji yake. Pasto ya buɗe baki zai yi addu'a ya kasa, sai matan suka ɗauki waƙa suka rufe masa.

Ta rasu bayan shekara huɗu ba tare da ta sami labarin ɗanta ba. A makonninta na ƙarshe, da ba ta iya tashi, kowace yamma nakan zauna a bakin gadonta in karanta mata ayoyin nan uku na Habakuk, ita kuma tana buga gefen gadon da yatsu kamar tana kaɗa tulu. Littafin nata yana wurina yanzu, da zaren da aka ɗinke shi, shafin kuma ya yi duhu saboda yawan taɓawa.

Ni nake noma gonar yayana tare da ɗansa, wanda ya zama saurayi har ya fi ni tsayi. A daminar da ta wuce, muna cikin shuka, ya tsaya ya dogara da sungumi ya tambaye ni, "Baba, kana ganin yana raye?" Na ce masa ban sani ba, kuma na daina yi wa Allah alkawarin cewa sai ya nuna mini kafin in amince da shi, ko da yake ban daina tambayarsa ba. Ya gyaɗa kai, ya share fuskarsa da hannun riga. Hadari yana haɗuwa ta gabas a kan duwatsu, saura kunya shida mu gama, sai ya ci gaba da sara ni kuma ina binsa a baya ina jefa iri ina rufewa da ƙafa.